Tawul ɗin da Na Jefa wa Onome

Talata, 4 ga Yuni, da hantsi

Yau ma Onome ta zage ni da sassafe a shafinta. Koriyar rigar nan ce a jikinta, mai hannu ɗaya. Ta kalli kyamara ta yatsine fuska ta ce, "Ku gaya wa Fadeke, akuyar da ta aske ta haɗa muku hular gashi tana kasuwar Oyingbo tana cigiyar kayanta." Sai ta taɓa ɗan kunnenta na hagu. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, sannan na tuna inda take kwance.

Ni na koya mata wannan zagin. Ni na ja mata zif ɗin rigar ma.

Onome tana asibiti tun ranar Asabar, ba ta buɗe ido ba. Duniya ba ta sani ba, danginta sun rufe maganar ruf. Shafinta kuwa bai san an kwanta ba, yana ta aikinsa. Bidiyon wata guda muka ɗauka a yini ɗaya, ni da ita, a tsohon ɗakin mahaifiyata a Ebute Metta, muna canza kaya muna cin boli, gasasshiyar ayabar nan, da gyaɗa. Kowacce ta saita nata ya riƙa fita da kansa. Ta zage ni yau, in rama gobe. Mutanenta su fusata su saye jan baki da hodar da take sayarwa, nawa su fusata su saye hulunan gashina. Tun da muka fito daga Gidan da aka kulle mu ƙasa duka tana kallonmu a talabijin, da wannan faɗan muke ci muke sha, kuma babu mahalukin da ya san ƙarya ne. Mu ma da iya shege, ko hoto ɗaya ba mu bari ba, saƙo kuwa ana karantawa ake gogewa.

So nake in gan ta. Iyakar abin da nake so ke nan.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Na je. Na sa baƙin tabarau na lulluɓa mayafi kamar ɓarauniya. Ovie, ƙaninta, yana zaune a bakin ƙofar sashen da take. Yana ganina ya miƙe.

"Madam, me ya kawo ki?"

"Haba Ovie. Ba ni na kira ka na ce ka ruga gidanta ba?"

"Shi ne ai. Tana ɗaki ita kaɗai, ƙofa a kulle, sai na ɓalla na shiga. Ya aka yi kika san ta faɗi?"

Na ce waya muke yi, ta ce kanta yana sara mata, sai na ji ƙarar faɗuwa. Wayarta ta tarwatse a ƙasa, don haka na miƙa masa tawa ya ga kiran. Ya duba ya duba. Ni na manta shaf da sunan da na ajiye lambarta da shi.

"Mai Gas?" in ji shi. "Yayar tawa ce Mai Gas? Wato ke kika kira ta kina zazzaga mata rashin mutunci har ta faɗi."

Ina ƙoƙarin yi masa bayani sai ga Mama, mahaifiyarsu, ta fito. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, sai a hoto. 'Yar ƙaramar mace ce, ta ɗaura zani biyu irin na matan Ughelli, da Baibul a hammata. Na durƙusa har ƙasa. Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Ke ce mai tawul," ta ce.

"Mama, ni ƙawarta ce, wallahi."

"Ƙawa! Duk Ughelli sun ga ƙawancen a talabijin. 'Yata tana wanke-wanke kika jefa mata jiƙaƙƙen tawul a ka, kika kira ta sunan da ba zan maimaita a nan ba. Na yi sati ban iya zuwa kasuwa ba. Ranar Asabar kuma da safe kika fito kika ce girman kanta zai sa kan ya fashe. Da kunnena na ji. To ga shi nan. Me kuma ya rage kika biyo?"

Onome ce ta rubuta min wannan maganar. Muna cin boli ta faɗa, ta ce zai yi daɗi da jan bakin nan mai duhu. Amma wa zan gaya wa?

Har mota Ovie ya raka ni, don ya tabbatar na tafi.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Ranarta ce. "Wai Fadeke sarauniya ce. Sarauniyar ina? Ta ƙarƙashin gadar Ojuelegba?" Ta taɓa ɗan kunnen.

Na dakatar da nawa gaba ɗaya. Da ma na bar su suna fita ne don na san idan ta farka ta ga na ɓata tsari, cinye ni za ta yi ɗanya. To ta farka ta cinye ni ɗin.

Juma'a, 7 ga Yuni, da azahar

Tubosun, manajana, ya kira tun kafin in wanke ido.

"Sarauniya, lafiya dai? Yau ranarmu ce, na ji shiru."

"Ba ni da abin cewa."

"Ke ce ba ki da abin cewa? Tabɗi! Ana can ana yaɗa cewa Onome ta ɗinke miki baki. Yaranki sun kwana suna kare ki, ki ba su ko ɗan abin da za su riƙe mana. Sabon kaya ya iso, wa zai saya idan babu wuta?"

Na ce masa maƙogwarona ke ciwo. Ya ce in sha citta da zuma in zage ta a rubuce. Mutumin kirki ne Tubosun, amma da zai ga gobara a gidan maƙwabci, abin da zai fara tambaya shi ne ko hasken ya isa ɗaukar hoto.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Ruwa tun asuba. Titin shago ya zama kogi, motoci suna iyo. Ban buɗe ba, amma na shiga na zauna a tsakiyar kawunan robar nan, kowanne da gashinsa, babu mai ido. An ɗauke wuta ban kunna janareto ba. A wannan hasken na ruwa sai na ga kamar duk sun ɗan juyo suna jiran in yi magana.

Har yanzu idan zan faɗi abin da ke raina sai hannuna ya kai wuyan rigata, wajen da ake maƙala mana abin magana a Gidan. Har yanzu ina ɗaga kai in duba kusurwar silin. Yau na kama kaina ina jiran Muryar nan ta sama ta ce, "Fadeke, zo ɗakin sirri." Da na je. Da na zauna a jar kujerar na ce a mayar da ni ranar da muka ɗauki bidiyon nan, lokacin da ta dafe goshi ta ce fitilar ta cika haske, ni kuma na ce mata ragwanci ne, ta tashi saura riga huɗu.

Ba zan rubuta abin da likitoci suka kira shi ba. Na ji Ovie yana faɗa a waya. Ban iya furta shi ba ma.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

Maganar tawul ta hana ni sakat, bari in ajiye ta a nan.

Sati na uku ne a Gidan. Ba mu saba ba, gaisuwa ce kawai. Ita tana wanke-wanke, ni ina goge tebur. Ta sunkuya ɗaukar cokali, hular gashinta ta maƙale a hannun durowa ta zame baya. Sai na ga gefen hagu. Daga kunne har kusan tsakiyar ka babu gashi, fata ce mai sheƙi ta tattare. Man gyaɗa mai zafi ne, tana shekara biyar, amma wannan daga baya na ji. A lokacin abin da na gani shi ne hannayenta duk kumfa, da idonta, da kyamarar saman firji da ta fara juyowa a hankali da ɗan kukan nan nata.

Ban yi tunani ba. Na wurga mata tawul ɗin da ke hannuna, ya sauka ya rufe kan. Sannan na ɗauki tukunya na maka da ƙasa, na buɗe baki. Uwar zagi na yi, irin na 'yan tashar Oshodi. Duk kyamarorin Gidan suka juyo kaina. Ita kuma ta ruga banɗaki da tawul a ka, ƙasa duka ta ɗauka kuka ta tafi yi.

An ja min kunne, saura kaɗan a kore ni. Washegari muna shanya kaya ta matso, ta rufe abin maganarta da hannu ta ce, "Ke mahaukaciya ce?" Na ce eh. Ta ce, "Idan kika gaya wa wani sai na kashe ki." Ta taɓa ɗan kunnenta. Daga ranar duk abin da ta faɗa tana taɓa shi, na san ba har zuci ba ne.

Da muka fito muka tarar an raba ƙasa biyu a kanmu, har da riguna masu sunayenmu. Muka kalli juna muka ce to, tunda abincin ya dahu, a ci.

Duk hular da ke kan Onome ni na ɗinka ta. Tana fitowa tana cewa ko a mafarki ba za ta sa gashin akuyata ba, alhali ni nake sa mata auduga mai laushi ta ciki a gefen hagu, don ragar tana cin fatar.

Alhamis, 13 ga Yuni, da rana

Farfesun da na aika asibiti ya dawo yadda na kai shi. Ko murfin ba a ɗaga ba.

Asabar, 15 ga Yuni, da la'asar

Na samu wuri. A ƙasa, wajen jiran masu karɓar magani, akwai benci a bayan wata tukunyar fulawa. Daga nan ana ganin ƙofar lif. Da mayafi da takunkumi babu mai gane ni, sai wata tsohuwa da ta ce na yi kama da yarinyar nan mara kunya ta talabijin. Na ce ana faɗa. Ta ce Allah ya raba ni da halinta. Na ce amin.

Ina zuwa da kan roba a jaka, ina ɗinka mata sabuwa a cinyata. Gajera, mai lanƙwasa a ƙeya, irin wadda ta daɗe tana naci in yi mata ina cewa za ta mayar da ita malamar firamare.

Mama ta sauko da rana ita kaɗai. Ta zauna can nesa ta ɓare burodi tana ci ba ruwa, tana kallon bango. Ta rame. Yadda take tauna abinci da gefe ɗaya, sak Onome. Na miƙe har sau biyu ina komawa. Me zan ce? In ce, Mama, na san abin da ke gefen hagu? Daga bakina wannan ba shaida ba ce, barazana ce. Za ta ɗauka na zo in sayar da asirin 'yarta ne.

Haushi ya kama ni, wallahi. Haushin Onome. Sau nawa na ce mu gaya wa ko da uwarki ce? Ta ce Mama ba ta iya riƙe magana, kafin Lahadi duk 'yan cocinsu sun ji. To ga shi nan, uwar dabara. Kin kwanta kin bar ni da benci.

Litinin, 17 ga Yuni, da asuba

Na yi mafarki Gidan yana tafiya a kan ruwa, ya bi ta ƙarƙashin doguwar gada, fitilunsa duka a kunne. Babu kowa sai mu biyu. Onome tana wanke kwanukan da ba sa ƙarewa, kanta a buɗe, iska tana taɓa wurin, ko a jikinta. Masunta suna wucewa a kwalekwale ba su ko ɗago ba. Na ce mata, "Rufe, za su gani." Ta ce, "Fadeke, an kashe kyamarorin tun tuni, ke kaɗai ce ba a gaya wa ba." Sai Muryar ta kira sunanta, ta ce ta ɗauko jakarta ta zo bakin ƙofa. Na riƙe mata zani. Na farka da zanin gado a hannuna.

Ban ji daɗin wannan mafarkin ba ko kaɗan.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

Rigar ruwan goro. "Shirun Fadeke ya yi yawa, ko an kama akuyar ne?" Kai, Onome! Kamar ta sani. Na kalla sau bakwai ko fi, ina tsayar da shi daidai inda dariya ta kusa kuɓuce mata, saboda ina bayan fitila ina yi mata gwalo.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

An fara shinshino. Wata mai bin diddigi ta lura farcen Onome launi ɗaya ne a duk bidiyon watan nan, ita da ba ta kwana uku da launi ɗaya. Shi ke nan gari ya ɗauka. Wasu sun ce ciki ne, wasu sun ce ta tafi ƙasar waje a ƙara mata mazaunai. Zuwa la'asar wani ya ce ya ga ƙaninta a asibiti.

Tubosun ya zo har gida da gasasshen kifi.

"Sarauniya, idan da gaske ba ta da lafiya, hanya biyu ce. Ko ki fito ki yi kuka ki ce kin yafe mata, ko ki ce ƙarya take. Duk wanda kika zaɓa zai sayar. Shirun nan ne kawai ba ya sayarwa."

Na kusa gaya masa. Na ma kusa kunna fitila in gaya wa duniya duka, in ce ku koma ku kalli faɗan tawul a hankali, ku ga abin da na rufe. Kafin dare za a mayar da ni waliyyiya, Mama da kanta za ta riƙo hannuna ta kai ni ɗakin. Su kuma za su tsayar da hoton, su ƙara girmansa, su zagaye wurin da jan layi. Yarinyar da ta gina shago a kan kyau, ta farka ta tarar kowa yana da kanta a wayarsa.

Na ce masa ya ci kifinsa ya tafi.

Alhamis, 20 ga Yuni, da azahar

Bencina ya cika da masu ciwon ƙarya. Kowa da waya a hannu, ido a kan lif. Har da wani mai bandeji a ƙafa, da ya manta wace ƙafar ce yake ɗingisawa.

Juma'a, 21 ga Yuni, bayan magariba

Bari in rubuta.

Wajen azahar lif ya buɗe. Gado mai taya, nas biyu, Ovie a gaba yana buɗe hanya, Mama a gefe tana riƙe da ƙarfen gadon. Za a kai Onome ɗaukar hoton kai a ɗaya ginin. Rabona da ganinta tun ranar boli. Ta ƙanƙance. Babu hoda, babu jan baki, sai 'yar hular asibiti mai roba a kanta.

Masu waya suka taso kamar ƙudaje. Ovie yana ture wannan, wancan yana zagayowa. A bakin ƙofar fita akwai ɗan tudu. Tayar ta daki tudun, gadon ya girgiza, hular ta zame. Ta gefena ne, gefen hagu. Mama tana ɗaya gefen ba ta gani ba. Mai bandejin nan ya ɗaga wayarsa sama yana matsowa.

Na fizge mayafina na wurga. Ya buɗe a iska ya sauka a kanta. Na cire takunkumi, na cire tabarau, na hankaɗa tukunyar fulawar ta fashe a ƙasa.

"Ƙarya take!" na ce. "Ciwon ƙarya ne! Talla take yi, sabuwar hoda za ta fitar! Tashi, munafuka, an gane ki! Ku kalle ni nan, ni ce Fadeke, ni na faɗa!"

Duk suka juyo. Duk, har mai bandejin. Na ci gaba, ban san ma me nake cewa ba, bakina ya san hanya. Ta saman kawunansu ina hango Mama. Ta kai hannu a fusace ta damƙi mayafin za ta yar. Ta ɗaga shi kaɗan. Sai hannun ya tsaya. Ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗago ta kalle ni, ta mayar da mayafin ta danna shi a bayan kunnen. Aka wuce da gadon.

Masu gadi suka fitar da ni, ɗaya ta kowane hannu. Wata mata ta tofa min yawu a kafaɗa. Takalmina ɗaya yana can.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Nata ya fito kamar kullum. Ban iya kalla ba.

Lahadi, 23 ga Yuni, da yamma

An watsa wa ƙofar shago baƙin mai. Mutanena da suka kwana biyu suna kare ni sun fara ƙona hulunan da suka saya, suna ɗauka suna ɗorawa. Gashi mai kyau, wallahi, har wanda na kwana uku ina ɗinkawa na gani a wuta. Masu turaren da nake yi wa talla sun sauke hotona daga allon bakin gada. Tubosun ya turo saƙon murya, ya ce shi ya ce in ce ƙarya take, amma bai ce in je in faɗa a kan gadonta ba, don Allah kada in ambaci sunansa. Bai ƙara kira ba.

Na nemi hoton kanta a ko'ina. Na bi shafi shafi har idona ya yi ja. Babu. Fuskata ce kawai, baki a wangame, jijiyar wuya a tashe, da wani gado can baya da shuɗin mayafi.

Na dafa shinkafa na ci da yawa. Na yi barcin rana, ban yi mafarkin komai ba.

Talata, 25 ga Yuni, bayan la'asar

Baƙuwar lamba. Na ɗauka ina jiran zagi.

"Madam, Ovie ne." Sai ya gyara. "Anti Fadeke. Mama ta ce ki zo. Ki biyo ta ƙofar baya, wajen masu wanki."

Ɗakin ƙarami ne, da sanyi, da wata na'ura mai ƙara a hankali. Mayafina yana ninke a kan kujera, an wanke an goge. Na durƙusa. Mama ta daɗe tana kallona.

"Na sa Ovie ya nemo min wancan na talabijin," ta ce. "Na tawul. Na kalla, na sake kalla." Ta gyara zaninta. "Tun wancan lokacin ma haka ne?"

"Eh, Mama."

"Shekara biyu ina kai sunanki gaban Ubangiji, ba da alheri ba."

"Ba komai, Mama."

"Da komai mana! Ku yaran Legas wane irin ciwon hauka ne da ku? Mutum ya so mutum sai ya ɓoye kamar sata?" Sai muryarta ta karye. "Ni na bar kaskon man a ƙasa. Na fita ɗauko gishiri."

Ta jawo ni ta tashe ni, ta tura ni bakin gadon. Na kama hannun Onome. Da ɗumi. Farcen ya fito, launin nan da ya tona mana asiri ya rage rabi. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi a gaban kyamara ba, mai majina.

Na fito da hular na nuna wa Mama. Ta juya cikinta, ta shafa audugar da yatsa. Ta ce likita ya hana a sa mata komai yanzu. Ta ɗora ta a kan robar ruwa a gefen gado, ta ce idan ta buɗe ido ita za ta fara gani.

Laraba, 26 ga Yuni, da hantsi

A kujera na kwana, Mama a tabarma. Da safe wayata ta yi ƙara, na san ko mene ne, na kife ta. Mama ta ce, "Ita ce? Kunna mana."

Farar riga, wadda miyar boli ta ɗiga a hannunta muka ɓoye da agogo. "Fadeke, Fadeke. Ke da kika iya surutu kamar rediyon mai shayi, yau ina bakin? Ki fito ki ba ni amsa idan kin isa." Ta taɓa ɗan kunnen.

Mama ta yi dariya ta rufe baki da gefen zani. Ta sa na maimaita. Sannan ta ɗaga haɓa ta nuna gadon.

"To, ba ki ji ba? Ba ta amsa mana."

"Mama, a gabanki?"

"Mun yi addu'a, mun yi waƙa, fasto ya zo ya tafi. Ke ce ba a gwada ba. Zage ta da kyau, 'yata."

Na duba kusurwar silin. Babu komai sai gizo-gizo. Na sunkuya daidai kunnenta na hagu, wajen da fatar take sheƙi, na ce, "Ke buhun hoda. Ke malalaciya. Kin kwanta kin bar ni da uwarki da ƙaninki mai kan kwakwa, an ƙone min kaya, takalmina ya ɓata. Na yi miki hular malaman firamaren, kuma muni za ta yi miki. Tashi ki gani idan ƙarya nake."

Na zage ta har muryata ta dishe. Mama ta rantse ta ga yatsanta ya motsa. Ni ban gani ba, idona ya cika. Sai da na ɗago na lura tun da na fara, hannuna yana kan ɗan kunnena.